Ɗaga ƙarfe: yadda karkatar benci ke sauya ginin ƙirji

A unguwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, ɗaga ƙarfe ya zama ruwan dare tsakanin samari. Wasu na biyan kuɗin wata a ɗakunan motsa jiki na zamani, wasu kuma sun haɗa nasu wurin a zaure ko bayan gida, da benci na mai walda da sandar ƙarfe mai curin siminti gefe da gefe. Ko'ina ka je, motsin da aka fi so shi ne a kwanta rigingine a tura ƙarfe sama daga ƙirji, wanda masu horo ke kira développé couché da faransanci. Kuma ko'ina akwai gardama guda: benci a shimfiɗe ya fi gina ƙirji, ko wanda aka ɗaga wajen kai?

Amsar tana cikin yadda aka halicci tsokar kanta. Babbar tsokar ƙirji tana da siffar mafici. Zaruruwanta na sama sun taso daga ƙashin nan da ke kwance tsakanin gindin wuya da kafaɗa. Na tsakiya, waɗanda su ne mafi yawa, sun taso daga ƙashin tsakiyar ƙirji da guringuntsin haƙarƙari shida na farko. Na ƙasa kuma sun taso daga wajen saman ciki. Dukansu sun tattaru wuri ɗaya, sun kama ƙashin damtse kusa da kafaɗa. Tsoka ba ta iya komai sai ja, kuma kowane zare yana ja ne ta hanyar da ya miƙe. Idan hannu ya tura ƙarfe kai tsaye daga gaban ƙirji, zaruruwan tsakiya ne ke kan layin aikin. Idan aka ɗaga benci, hannu ya koma tura ƙarfe wajen sama da fuska, sai kaso mafi girma ya faɗa kan zaruruwan sama da tsokar gaban kafaɗa.

Sai dai kar a ɗauka karkatar benci tana kunna wani sashe ta kashe wani kamar fitila. Ƙirjin gaba ɗaya yana aiki a kowace kusurwa. Rabon nauyin ne kawai ke sauyawa.

Masu bincike sun daɗe suna auna wannan rabo, ta hanyar manna wasu ƙananan wayoyi a fata domin su ga yawan wutar da tsoka ke fitarwa lokacin aiki. A shekarar 2020, wasu masana na jami'ar Almeriya da ke ƙasar Sipaniya sun gwada mutum 30 da suka saba ɗaga ƙarfe, a kusurwa biyar: digiri 0, 15, 30, 45 da 60. Sun tarar da cewa saman ƙirji ya fi aiki a digiri 30, tsakiya da ƙasa sun fi aiki a benci shimfiɗaɗɗe, gaban kafaɗa kuma ya fi shan wahala a digiri 60. Da zarar an wuce 45, kafaɗa ce ke karɓe aikin, ƙirji na ja da baya. Wani binciken da aka yi a Amurka a 2010 ya nuna saman ƙirji na aiki sosai a digiri 44, fiye da a shimfiɗe. Amma tun a 1995 wani ƙaramin gwaji a Ostareliya, da mutum shida kacal, bai ga ɗaga benci ya ƙara wa saman ƙirji aiki ba. Abin da ya gani shi ne matso da hannuwa kusa da juna a kan sanda yana ƙara masa.

Wannan awo na wuta yana nuna abin da ke faruwa a cikin daƙiƙoƙin da ake ɗagawa ne kawai. Abin da saurayi ke so ya sani shi ne ko tsoka za ta yi kauri bayan watanni. A nan binciken da aka yi a Barazil, shi ma a 2020, ya fi amfani. An ɗauki samari 47 da ba su saba ɗaga ƙarfe ba, aka raba su kashi uku: masu benci a shimfiɗe, masu benci a karkace, da masu haɗa biyun. Sun yi horo sau ɗaya a mako har mako takwas, aka auna kaurin ƙirjinsu a wuri uku da na'urar nan ta ekografi da ake duba mata masu juna biyu da ita. A can sama, tsakanin haƙarƙari na biyu da na uku, masu benci a karkace ne suka fi samun kauri. A sauran wurare biyun babu wani bambanci na a zo a gani. Mako takwas ba dogon lokaci ba ne, kuma sabon shiga ko me ya taɓa jikinsa na amsawa, don haka bai kamata a ɗora wa binciken kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Duk da haka darasinsa a fili yake: benci mai karkata matsakaiciya yana ƙara wa sama, kuma bai rage wa ƙasa komai ba.

Matsalar a nan gida ita ce benci da yawa na mai walda an haɗa su ne da ido. Sau da yawa allon jingina yana miƙe kamar na kujerar mota, mai shi yana ta tura ƙarfe yana zaton ƙirji yake ginawa, alhali kafaɗarsa yake gajiyarwa. Ba a bukatar wata na'ura kafin a gyara wannan, abin awon tela ya isa. A digiri 30, tsayin da kan allon ya tashi sama da gindinsa daidai yake da rabin tsawon allon. Allo mai santimita 80, kansa ya ɗara gindinsa da santimita 40. Idan ana son digiri 45, sai ya kai kusan 57. Digiri 15 kuma kusan 21. Wanda zai ba da aikin sabon benci ya nemi mai walda ya yi masa matakala uku a waɗannan wurare, ya kuma ɗan ɗaga gaban mazaunin don kar mutum ya riƙa zamewa. Masu tura bulon siminti ƙarƙashin ƙafar benci kuwa su sani, bulo mai santimita 20 a benci mai tsawon mita ɗaya da ashirin bai wuce digiri 10 ba, ga shi kuma yana iya gocewa lokacin da ƙarfe ke saman fuska.

Akwai wani abu da ke ɓata lissafi ko da an auna benci daidai. Mai ɗagawa da ke gantsare baya sosai, ya ɗaga ɗuwawu daga mazauni don ya ci nauyi mai yawa, ya mai da karkataccen benci shimfiɗaɗɗe da jikinsa. Dalilin yin hakan sananne ne: kusan kowa nauyin da yake turawa a karkace bai kai na shimfiɗe ba, kuma rage ƙarfe a gaban abokai yana da ciwo. Gara a rage ɗin. A matse allon kafaɗu baya, a kafa ƙafafu a ƙasa, kar a buɗe gwiwoyin hannu su yi daidai da kafaɗa kamar fikafikai, a sauke sandar a hankali wajen saman ƙirji, ba kan maƙogwaro ba.

Shi kuwa bencin da ake sunkuyar da kai ƙasa da ƙugu, a ganina amfaninsa bai kai sunansa ba. Ƙasan ƙirji yana samun rabonsa a benci shimfiɗaɗɗe. Mai hawan jini ko ciwon ido na hawan ruwa ma bai kamata ya kwanta kai a ƙasa yana yunƙuri da nauyi ba sai da shawarar lokotoro.

Wasu abubuwan kuma babu kusurwar da ke kawo su. Faɗin ramin da ke tsakiyar ƙirji, da yadda gefen tsokar ya zagaya, gado ne. Ya danganta da inda zaruruwan suka kama ƙashi tun haihuwa. Kitsen da ya rufe ƙirji ba ya narkewa don an matsa wa wurin da horo, sai jiki duka ya rage. Tsoka kuma ba ta ginuwa da ƙarfe kaɗai. Tana son barci, da abinci mai gina jiki irin su wake, ƙwai, nono, kifi, awara, ƙuli-ƙuli, har da fara a lokacinta. Ƙwayoyin ƙiba da ake saye a teburin bakin kasuwa kumburi da kitse suke kawowa, wasunsu na jawo ciwon suga da hawan jini.

Ga wanda ke horar da ƙirji sau biyu a mako, tsari mai sauƙi shi ne rana ɗaya a shimfiɗe, rana ɗaya a digiri 30, da nauyin da zai iya turawa sau 8 zuwa 12 ba tare da ya murɗa jiki ba, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Kuma ko wace kusurwa ce, a samu mutum tsaye a bayan kai. Yawancin yagewar tsokar ƙirji a wannan motsi take faruwa, lokacin da ake sauke nauyi mai yawa: mutum ya ji wani abu ya tsinke kusa da hammata, wurin ya kumbura, jini ya kwanta. Wannan ba na mai ɗori ko man zafi ba ne. Idan jijiyar ta rabu da ƙashi, aikin tiyata ya fi yin nasara a makonnin farko, don haka a nufi asibiti ba tare da jinkiri ba.