Rangadin Victory: Yadda 'Yan Gidan Jackson Suka Raba Gari a Kan Dandali

Idan mawaƙi ya fitar da sabon faifai a Amurka, ba ya zama gida ya jira ciniki. Rangadi yake fita gari-gari, yana rera sabbin waƙoƙin don jama'a su ji su saya. Shi ya sa har gobe ake mamakin rangadin da 'yan gidan Jackson suka yi a 1984. Sunan faifansu, Victory, aka laƙaba masa, amma ko waƙa ɗaya daga cikin faifan ba su rera a dandali ba.

Su shida ne, uwa ɗaya uba ɗaya, 'yan garin Gary a jihar Indiyana: Jackie, Tito, Jermaine, Marlon, Michael da autansu a maza, Randy. Mahaifinsu Joe Jackson ne ya hore su tun suna ƙanana. Sai dai kafin 1984 ƙane ya riga ya sha gaban yayye, domin faifan Thriller da Michael ya fitar shi kaɗai a 1982 ya game duniya. Kowa ya san wanda jama'a ke tururuwar gani, har su 'yan uwan.

An buɗe wasa ranar 6 ga Yuli a filin Arrowhead na birnin Kansas, aka yi wasanni 55 a Amurka da Kanada, ciki har da Toronto da Montreal da Vancouver. Babban wansu Jackie bai samu hawa dandali a yawancinsu ba saboda ciwon gwiwa.

Rigimar gaske a kan tikiti ta tashi. Dala 30 aka sa wa kowanne, kuɗi mai tsoka a lokacin, kuma ba a sayar da ɗaya: dole mutum ya aika dala 120 ta gidan waya don guda huɗu, sannan a yi ƙuri'a. Wanda bai dace ba sai ya zauna jiran a maido masa kuɗinsa. Talakawa baƙar fata, waɗanda suka goya wa yaran baya tun ana kiran ƙungiyarsu Jackson 5, su aka bari a waje. Wannan kam haɗama ce tsagwaronta, kuma jaridu ba su raga wa kowa ba. Ana gobe za a fara, Michael ya fito ya ce za a sauya tsarin, kason da zai samu kuma ya bayar sadaka.

An tara kusan dala miliyan 75, amma mai shirya rangadin, Chuck Sullivan, asara ya tafka saboda tsadar katafaren dandalin da ake jigila da shi da kuma alkawuran da ya ɗauka. Bashin na cikin abin da ya sa danginsa suka sayar da ƙungiyar ƙwallonsu ta New England Patriots a 1988.

A daren ƙarshe, 9 ga Disamba, a filin Dodger na Los Anjalas, Michael ya shaida wa 'yan kallo cewa wannan ne rangadinsu na ƙarshe tare, ba tare da ya shawarci 'yan uwansa ba. Shirin ƙetarawa Turai da Ostireliya ya wargaje nan take. Da ya sake fita rangadi a 1987, daga Japan ya fara, kuma shi kaɗai.