Sunayen Talakawa Ajiya Ne: Ƙungiyoyin Sa-kai da Tsaron Bayanai a Sakkwato

Duk wanda ya san Mabera, wannan babbar unguwa ta ƙaramar hukumar Sakkwato ta Kudu wadda jama'a suka cika har ruwan damina kan rasa mafita a cikinta, ya san wani baƙo da ya zama ɗan gida a 'yan shekarun nan, watau saurayi ko budurwa sanye da rigar wata ƙungiya, waya a hannu, ana bin gida gida ana sallama, ana tambayar sunan maigida da na iyalinsa, da lambar wayarsa, da lambar katin ɗan ƙasa, wani lokaci har da lambar banki da hoton fuska. Wasu don rigakafi suke zuwa, wasu don ƙidayar yaran da ba su zuwa makaranta, wasu don rabon tallafi bayan ambaliya, wasu kuwa hujja suke tarawa wadda za su kai gaban majalisar dokoki ko ma'aikatar kasafi, su nemi a gyara wata doka ko a ƙara wa wani fanni kuɗi. Jama'a kan amsa da zuciya ɗaya, tun da an ce musu alheri ne ke tafe. Amma tambayar da ta kamaci kowane mai hankali ita ce, bayan mai rubutu ya yi ban kwana ya tafi, ina sunayen nan ke kwana, kuma mutum nawa ne ke riƙe da mabuɗinsu?

Malamanmu na fiƙihu sun rigaya sun shimfiɗa ƙa'idar da za a auna wannan mas'ala da ita, domin a babin wadi'a, wanda ɗalibai ke karantawa cikin Risala da Muhtasar a zaurukan birnin nan tun zamanin masu jihadi, an tabbatar cewa wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba a ɗora masa biya idan abin ya halaka ba da laifinsa ba; amma in ya yi sakaci, kamar ya ajiye shi inda ba a ajiye irinsa, ko ya miƙa wa wani ba da uzuri ba, ko ya mora daga gare shi ba da izinin mai shi ba, to, lamuni ya hau wuyansa. Bayanan da bazawara ta bayar game da marayunta, ko ɗan gudun hijira game da ƙauyen da ya baro, ajiya ce ta wannan jinsi, sai dai ta fi ta kuɗi wuyar tsaro ta fuska guda: wanda aka sace wa kuɗi yana buɗe akwati ya ga gurbinsu, shi kuwa wanda aka sace wa bayanai yana iya shekara bai sani ba, saboda ɓarawon kwafa ya yi, asalin yana nan yadda aka bar shi.

Shugabannin ƙananan ƙungiyoyi da yawa kan ce, "Mu me muke da shi da za a yi mana kutse? Ai banki ake nema." Abin da ya auku ga manyan ƙungiyoyin duniya ya isa ya rushe wannan zato. A watan Janairu na 2022 kwamitin ƙasa da ƙasa na Red Cross, mai hedikwata a Geneva, ya sanar cewa an shiga ma'ajiyarsa an kai ga bayanan mutane fiye da 515,000, galibinsu waɗanda yaƙi ko hijira ko bala'i ya raba da danginsu, bayanan da aka tattaro daga rassa aƙalla 60 na duniya. Da aka yi bincike sai aka tarar masu kutsen sun shiga tun watan Nuwamba na 2021, ta wata ɓaraka a cikin manhajar da masu ita suka riga suka fitar da gyaranta, amma ba a ɗora gyaran a kan lokaci ba. Kafin wannan, a watan Mayu na 2021, kamfanin Microsoft ya bayyana cewa wasu masu leƙen asiri sun ƙwace akwatin da hukumar USAID ta Amurka ke aika saƙonni da shi, suka tura wasiƙun tarko ga adireshin imel kusan 3,000 na ƙungiyoyi fiye da 150, waɗanda aƙalla rubu'insu masu aikin agaji ne da raya ƙasa da kare haƙƙin ɗan Adam. Haka kuma a 2017 reshen Amurka na ƙungiyar Save the Children ya yi asarar kusan dala miliyan ɗaya, bayan an shiga imel ɗin wani ma'aikaci aka ƙirƙiro takardun biyan faifan hasken rana na asibitoci a Pakistan, alhali kuɗin Japan suka nufa. Idan masu ofisoshi a Turai da ƙwararrun ma'aikata sun faɗa wannan rami, ina ga ƙungiya mai ɗaki biyu da kwamfuta ɗaya wadda kowa ya san kalmar sirrinta?

Sa'an nan haɗarin a ƙasarmu ya fi asarar dukiya nauyi. Ba a manta ba, a watan Satumba na 2021 gwamnatin jihar Sakkwato ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23, bisa hujjar cewa 'yan bindiga da infomominsu da waya suke ƙulla ɓarna. A wurin da labari ke kashe mutum, jerin sunayen da ya nuna wane ne ya gudo daga Isa ko Sabon Birni ko Rabah, a gidan wa ya sauka, nawa aka tura masa, da ranar da za a yi rabo na gaba, makami ne a hannun azzalumi. Ƙungiyoyin da ke bin diddigin kasafin kuɗi, ko masu rubuta shaidar matan da aka ci wa zarafi, nasu nauyin ya ninka, domin wanda ya tona musu asirin wata kwangila, ko yarinyar da ta faɗi abin da aka yi mata, sun yi magana ne bisa alkawarin sutura, kuma ranar da sunansu ya fita babu kuɗin da zai mayar musu da abin da suka rasa. Kasuwar irin waɗannan bayanai kuwa tana ci a Nijeriya: a watan Yuni na 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna cewa akwai shafin intanet da ke sayar da bayanan 'yan ƙasa a kan naira 100, har ta sayi takardar lambar ɗan ƙasa ta ministan sadarwa da kansa don kafa hujja, ko da yake hukumar katin ɗan ƙasa ta musa cewa an fasa ma'ajiyarta.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga, kuma tsagar da ake shigo mana ta cikinta galibi ba ta bukatar wani zurfin ilmi. Wani ne zai buga wa sakataren ƙungiya waya da ladabi, ya ce akwai taro da masu ba da tallafi yau da dare, an turo masa lamba shida, ya karanto ta don a sa sunansa. Da ya karanta, WhatsApp ɗinsa ya bar hannunsa, da dukan takardun da aka taɓa turawa a zaurukan da yake ciki, sai kuma a shiga roƙon abokansa kuɗi da sunansa. Ko kuwa a tura jerin masu cin tallafi cikin zauren da ke da mutum ɗari, rabinsu sun bar aiki tun bara. Ko a kai filashi shagon buga takardu a bar kwafi a kwamfutar mai shago. Ko ma'aikacin wucin gadi ya cika fom ɗari uku a wayarsa ta kansa, wa'adin aiki ya ƙare, ya sayar da wayar a kasuwa ba a goge kome ba. Wannan na ƙarshe ya ƙara zama abin lura tun daga Janairun 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ƙasashen waje, ayyuka masu yawa na lafiya da ilmi da shugabanci suka tsaya ba shiri, Sakkwato kuwa tana cikin jihohin da hukumar USAID ta daɗe tana aiki a cikinsu kafin wannan lokaci. Aikin da aka rufe cikin gaggawa kuwa, abu na ƙarshe da ake tunawa a cikinsa shi ne makomar kwamfutoci da abin da ke cikinsu.

Hukuma ba ta bar al'amarin kara zube ba. Hukumar NITDA ta fara kafa ƙa'idar kare bayanai a 2019, sa'an nan a watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan cikakkiyar Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC, ba ta kuwa keɓe ƙungiyoyin sa-kai daga hukuncinta ba. Jigon dokar shi ne kada a karɓi bayanin mutum sai da halattaccen dalili, a gaya masa abin da za a yi da shi, a tsaya ga gwargwadon bukata, kada a riƙe shi fiye da lokacin amfaninsa. Ta kuma tsananta a kan abin da ya shafi lafiya da addini da ƙabila da ra'ayin siyasa da zanen yatsa, ta wajabta neman yardar iyaye ko waliyyi game da yara, ta ba mai bayani ikon ya nemi a nuna masa abin da aka rubuta a kansa, a gyara, ko a shafe. Idan aka yi kutsen da zai iya cutar da mutane, wajibi ne a sanar da hukumar cikin sa'o'i 72, in kuwa haɗarin babba ne a sanar da su kansu masu bayanan. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa, ta sauran kuwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari. Kada a ɗauka kalmar "manya" ta tsallake mu, domin bisa jagorar da hukumar ta fitar a 2024, wanda ya sarrafa bayanan mutum fiye da 200 cikin wata shida yana iya shiga wannan sahu, adadin da ƙungiya kan cika a layi biyu na Mabera. A watan Agusta na 2024 hukumar ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8, ko da yake bankin ya yi jayayya, abin da ya nuna dokar tana da haƙora. Dokar laifukan intanet ta 2015 ma, bayan gyaran 2024, ta wajabta kai rahoton kutse cikin sa'o'i 72.

Sai dai lalle ne a rarrabe tsakanin cika sharaɗin hukuma da tsare amana a haƙiƙa. Ƙungiya tana iya biyan wani gwani ya rubuta mata kundin manufa mai shafi talatin da Turanci, ta rataya takardar rajista a bango, ta cika duk gurbin da mai ba da tallafi ya aiko, alhali kalmar sirrinta sunan ƙungiyar ce da shekarar kafa ta, kuma tsohuwar da ta dangwala yatsa a kan takardar yarda ba a karanta mata ko layi ɗaya da harshenta ba. Yardar da aka karɓa daga wanda bai fahimta ba, mai tsoron kada ya ƙi a hana shi buhun hatsi, yarda ce ta suna kawai. Adalci kuma ya sa a faɗi uzurin ƙananan ƙungiyoyi: ga rahoton shekara na hukumar rajistar kamfanoni, ga takardun haraji, ga sharuɗɗan banki, yanzu ga wannan, duk a kan ma'aikaci ɗaya ko biyu, su kuwa masu ba da tallafi sau da yawa sun fi son biyan kuɗin taro da alawus a kan kuɗin manhaja ta halal ko horar da ma'aikata.

Abin farin ciki shi ne mafi yawan maganin ladabi ne da tsari, ba kuɗi ba. Na farko taƙaitawa, domin bayanin da ba a karɓa ba ba a sace shi. In ƙidayar yara ake yi, babu hujjar neman lambar bankin uba. Na biyu tabbatarwa, wadda Suratul Hujurati ta yi umurni da ita game da labari, kuma ita ce ta sa wasiƙun fadar Sarkin Musulmi na ƙarni na 19, irin waɗanda ke ajiye a gidan tarihi na Waziri Junaidu, suke ɗauke da hatimi: duk saƙon da ya ce a sake lambar asusu ko a gaggauta biya, a buga wa mai shi waya ta lambar da aka sani tun da, kuma lamba shida ta WhatsApp ba a karanta wa kowa. Na uku a kunna tabbaci mai mataki biyu a kowane imel da waya, kowane ma'aikaci da tasa kalmar sirri, a kulle na'urori, a riƙa ɗora gyaran manhaja da zarar ya fito. Na huɗu a raba sunaye da amsoshi, a sa lamba a madadin suna, mabuɗin ya zauna wurin mutum ɗaya ko biyu. Na biyar a ajiye kwafi a wani wuri dabam, a kuma rubuta tun kafin musiba wanda za a kira da abin da za a yi. Na shida, ranar da ma'aikaci ya bar aiki a rufe ƙofofinsa, ranar da aiki ya ƙare a shafe abin da ba a bukata. Mai neman taimako ba zai rasa ba, domin cibiyar CITAD ta Kano ta daɗe tana horarwa a kan wannan fanni, ƙungiyar Access Now kuma tana da layin agaji kyauta, dare da rana, ga ƙungiyoyin farar hula.

Saboda haka muna kira ga hukumar NDPC ta fitar da bayanin dokar da Hausa, a boko da ajami, ta kuma sassauta wa ƙananan ƙungiyoyi hanyar rajista. Ga masu ba da tallafi su sa kuɗin tsaron bayanai cikin kasafin kowane aiki. Ga malaman kwamfuta na Jami'ar Usmanu Danfodiyo su ba ƙungiyoyin garinsu wani kaso na lokacinsu. Ga masu unguwanni da limamai kuma su riƙa tambayar duk mai son shiga gidajen jama'a da fom wace ƙungiya ta aiko shi. Kai kuma mai karatu, in an yi maka sallama ana neman sunanka da lambobinka, amsa sallamar da mutunci, sa'an nan ka tambayi abin da za a yi da su, da wanda zai gan su, da ranar da za a shafe su. Doka ta ba ka wannan haƙƙi, kuma ƙungiyar da ta kasa amsa tambayoyin nan uku ba ta cancanci ajiyarka ba.