Hodar antibayotik ba takalmi ba ce: abin da kwastam ke nema kafin ta shigo Najeriya

Yanzu duk wanda ya iya shiga Alibaba ya zama ɗan kasuwa. Daga jaka sai takalmi, sai caja, sai agogo, kwana kaɗan kaya sun sauka Kano. To a waɗannan shafukan ne za ka ga ana tallar hodar amoksisilin a duro mai kilo 25, farashin kamar kyauta idan ka kwatanta da na kemis. Nan wasu ke fara lissafi. Dakata tukuna, ɗan'uwa, wannan harkar ba irin ta atamfa ba ce.

Hodar nan ita ce asalin sinadarin da ke aikin kashe ƙwayoyin cuta, wanda kamfani ke gaurayawa ya zuba a kafso. Mafi yawanta daga Chaina da Indiya take fitowa. A jadawalin kwastam na duniya, sinadaran antibayotik suna ƙarƙashin lamba 2941, shi kuwa maganin da aka gama haɗawa aka sa a kwali yana 3004. Kar ka raina lambobin nan, da su ake yanke haraji, kuma wanda ya rubuta wata ba ta kayansa ba, ya sayi rigima da kuɗinsa.

Amma kafin kwastam akwai NAFDAC, kuma nan ne yawancin mafarki ke ƙarewa. Izinin shigo da wannan hoda ba na kowa ba ne. Sai kamfani mai rajista, wanda Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya ta duba wurinsa, kuma yana da famasist mai lasisi da zai ɗauki alhakin kayan. Ga takardar shaidar gwaji ta kowane rukuni daga masana'antar da ta yi shi, mai nuna ƙarfinsa da ranar lalacewarsa. Kayan Indiya da Chaina kuwa NAFDAC na da wakilai a can da ke duba su tun kafin a loda jirgi.

Sai banki. Dole a buɗe Fom M kafin kaya su taso, daga nan kwastam ta fitar da takardar kimantawa da ake kira PAAR. Kuma tun zamanin marigayiya Dora Akunyili aka hana shigo da magani ta iyakokin ƙasa, sai ta keɓaɓɓun tashoshi irin su Apapa da filin jirgin Malam Aminu Kano. Maganar “a bi da shi ta Kwatano” fasa-ƙwauri ne kawai.

Wani zai ce ai an cire haraji. Gaskiya ne, a watan Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a umarnin da ya yafe harajin kwastam da na VAT a kan sinadaran haɗa magani na tsawon shekara 2. Hakan ya biyo bayan yadda farashin magani ya yi tashin gwauron zabi, musamman Augmentin bayan GSK ta sanar da naɗe tabarmarta a 2023. Sai dai rangwamen na masana'antun da Ma'aikatar Lafiya ta amince da su ne. Kai mai oda daga waya, ba da kai ake ba.

Ni dai a wannan gaɓar ina bayan tsaurin. Jinkirin takardu da kuɗin ajiya a tasha suna ƙara wa talaka tsadar magani, wannan kam abin gyara ne. Amma hodar da ƙarfinta bai kai ba, ko wadda zafin kwantena ya lalata, ba ta kashe ƙwayar cuta, sai dai ta koya mata yadda za ta bijire wa magani. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya nuna irin wannan bijirewa ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019 kaɗai, kuma yammacin Afirka ne kan gaba a yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a.

Matashin da harkar ta burge shi da gaske, ƙofa a buɗe take ta wani gefen. Kamfanonin magani na neman ejan masu fito da kaya waɗanda suka san lambobi da takardun NAFDAC, da masu gwajin inganci a ɗakin bincike. Wanda ya karanta famasi ko kemistiri a Bayero ko ABU Zariya, ya leƙa nan kafin ya tura wa wani baƙo a intanet kuɗin duro.