Bayan an fito tiyata lafiya, wa ke gadin majinyaci?

Duk ɗan kasuwar da ya saba sauka Yawunde daga Banki ko Kusiri ko Mubi ko Garwa-Bulai ya san cewa in rashin lafiya ta kama baƙo a unguwar Briketeri, mai masaukinsa ne uwa da uba. Shi zai nemo mota, shi zai yi tafinta da Faransanci, shi zai bi 'yan'uwa a masallaci, ko nan cikin unguwa ko babban masallacin Tsinga, a haɗa kuɗin magani. Asibiti kuwa ba nisa, domin babban asibitin nan da ake kira Hôpital Central, wanda yake aiki tun 1933, yana nan kusa, ga kuma cibiyar agajin gaggawa ta CURY a gefensa, wadda aka buɗe a 2015 da taimakon ƙasar Koriya ta Kudu.

To amma akwai wata al'ada da ta zama mana jiki. Ranar da za a yi wa mutum aiki, ko na gwaiwa ne, ko karaya, ko fiɗar haihuwa, sai ka ga jama'a sun cika bakin ɗakin tiyata, kowa da carbi a hannu. Da zarar an turo shi waje an ce an gama, sai a yi hamdala, a buga waya gida, kowa ya koma rumfarsa, a bar yaro ɗaya da fulas ɗin shayi. Binciken da likitocin Afirka suka yi da kansu ya nuna cewa lokacin da muke watsewa ɗin nan shi ne lokacin da haɗarin yake somawa.

A shekarar 2016 wasu likitoci a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Bruce Biccard na Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu suka shirya wani ƙidaya mai suna ASOS. Asibitoci 247 ne a ƙasashe 25 suka shiga, har da Kamaru da Nijeriya da Nijar. Kowane asibiti ya ware mako guda, ya rubuta duk babban mutumin da aka yi wa tiyata da kuma yadda ya ƙare. Mutum 11,422 aka bi. Da sakamakon ya fito a mujallar likitoci ta Lancet a farkon 2018, sai aka ga kusan mutum ɗaya cikin biyar ya sami wata matsala bayan aiki, kamar ruɓewar rauni ko zubar jini, kuma mutum 239 sun rasu, wato kimanin biyu cikin ɗari. Abin da ya fi tayar wa masanan hankali shi ne, waɗannan majinyata sun fi na ƙasashen Turai ƙuruciya da ƙoshin lafiya kafin aikin, amma duk da haka yiwuwar mutuwarsu ta ninka ta sauran duniya sau biyu. Sannan kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka rasu ba a ranar aikin suka rasu ba, sai a kwanakin da suka biyo baya, a kan gadon ɗakin kwanciya.

Dalili ba boyayye ba ne. Ƙidayar ta gano cewa in aka haɗa ƙwararrun likitocin fiɗa da na haihuwa da na sa barci, ba su kai mutum ɗaya ga kowane mutum 100,000 ba a yankunan da asibitocin suke yi wa hidima. Nas ɗaya kuma takan kwana da gadaje masu yawa. Jini yana iya tsiyaya a cikin cikin mutum tun magariba, numfashinsa ya riƙa sauri, jikinsa ya yi sanyi, ba wanda ya duba shi sai an zo zagayen safe, lokacin kuwa bakin alƙalami ya bushe. Ciwon da ya kashe shi irinsa ne ake samu a Faransa ko Ingila, bambancin kawai can akwai idon da zai gani da wuri.

Wajen mata abin ya fi muni. Wani reshe na wannan bincike da aka buga a 2019 ya nuna cewa a cikin mata dubu da aka yi wa fiɗar haihuwa, fiye da biyar sun rasu, kimanin ninki 50 ke nan na abin da ake gani a ƙasashe masu arziki, kuma zubar jini na kan gaba a cikin dalilan.

Na san kalmar "bincike" a asibiti tana sa Bahaushe ya ɗaga kunne, kuma yana da hujja. Ba a manta da abin da ya faru a Kano a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200, yara 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. A nan Kamaru ma hukuma ta dakatar da wani gwajin maganin kariya daga cutar ƙanjamau a Duwala a 2005, saboda ƙorafin da aka yi a kan haƙƙin matan da ke ciki. Sai dai ya kamata a rarrabe. A ƙidayar 2016 ba a ba kowa sabon magani ba, rubutawa kawai aka yi, kamar yadda ɗan kasuwa yake buɗe littafi ya ga ta inda jari yake zurarewa. Wanda kuma aka nemi ya shiga gwajin magani, haƙƙinsa ne a yi masa bayani da harshen da yake ji, kuma in ya ƙi ba a isa a hana shi jinya ba.

Da suka gano ɓarakar, likitocin sun gwada toshe ta da abin da ba ya cin kuɗi. A gwaji na biyu, wanda ya haɗa asibitoci fiye da 300, aka ce a tantance majinyacin da ya fi shiga haɗari, a sa gadonsa inda nas za ta riƙa hango shi, a yawaita auna shi, a kuma bar ɗan'uwansa ya zauna tare da shi. Sakamakon da ya fito a 2021 bai yi daɗi ba, domin yawan mace-mace bai ragu ba. A ganina wannan ba ya nufin dabarar banza ce. Asibitoci da dama sun kasa aiwatar da ita yadda aka tsara, kuma ganin matsala daban, samun jini ko iskar oksijin ko likitan da zai koma ɗakin tiyata da ƙarfe biyun dare daban. A asibitin Mbale na ƙasar Uganda an matsa gaba, aka koya wa masu jinya yadda za su auna bugun zuciya da numfashi da kansu, kuma yawan awon da ake yi wa majinyaci a rana ya ƙaru.

Wani ƙidayar da aka buga a 2025, wanda ya leƙa asibitoci 180 a ƙasashen Afirka 22, ya ƙara fito da abin fili. Majinyaci ɗaya cikin takwas da ke kwance yana cikin halin rai kwakwai mutu kwakwai, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na irin waɗannan ba a ɗakin kulawa ta musamman suke ba, suna cikin ɗakin kowa da kowa. Ɗaya cikin biyar nasu ya rasu kafin mako ya zagayo, fiye da rabi kuma ba su sami cikakken taimakon farko mai araha ba, irin su oksijin da ƙarin ruwa da gyara kwanciya don hanyar numfashi ta buɗe.

Saboda haka wanda za a bari jinya kada ya zama yaron shago da ba ya iya ɗaga murya a gaban ma'aikaci. A samu babba mai jin Faransanci, a kuma yi karɓa-karɓa har kwana uku na farko su wuce, dare da rana. Alamomin da masana suka yi amfani da su ba su fi ƙarfin mai agogo ba: numfashi fiye da 30 a minti ɗaya ko ƙasa da 8, bugun zuciya fiye da 130, ko mutum ya ƙi farkawa in an kira shi. A ƙara da bandeji da ya jiƙe da jini, da ciki da ke kumbura, da fitsari da ya ɗauke. Akwai kuma 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a ɗan yatsa, wadda ta yawaita a kantunan magani tun zamanin korona. In ta nuna oksijin ya sauka ƙasa da 90, a tashi nas nan take, ko da za ta yi fushi. Kunya da kawaici adon Bahaushe ne a zaure, amma a nan suna iya jawo asarar rai.

Tun kafin a shiga ma akwai abin da yake hannun majinyaci. Likita ko nas ɗin da ke sa barci zai tambaye shi abin da yake sha, to ya faɗi gaskiya. Masu dogon zama a mota da masu dako da yawa sun saba da tiramol, wanda jikinsa ya saba da shi kuwa allurar kashe zafi ba ta kama shi yadda take kama wani. Haka jiƙo da tsimi, da maganin hawan jini ko na ciwon suga, duk a ambata. In an ce kada a ci abinci awa shida kafin aiki, to koko da fura da shayi mai madara duk abinci ne, domin abin da ke cikin ciki yana iya tasowa ya faɗa huhu sa'ad da mutum ke cikin barci. Kada kuma a ji haushi in ma'aikata sun yi ta maimaita tambayar suna da gefen da za a yanka. Wannan yana cikin jerin tambayoyi 19 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, wanda gwajin farko a asibitoci takwas ya nuna ya rage mace-mace daga 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari.

Sai batun komawa gida. Ɗan kasuwa hankalinsa na kan kaya, ana cire masa robar ƙarin ruwa zai fara tambayar jirgin ƙasan Ngaundare. Daga Yawunde zuwa bakin iyakar arewa tafiya ce ta kwana da kwanaki, kuma dogon zama bayan tiyata yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa ya tafi huhu. A bar likita ya faɗi ranar tafiya. Kafin a fita kuma a karɓi takardar bayanin aikin da aka yi da sunayen magungunan da aka bayar, a ɗauki hotonta a waya, domin in rauni ya tashi a Mubi ko Maiduguri, likitan can da ita zai fara, ko da sai an nemo wanda zai fassara masa Faransancin.