Ko Ka San Yadda Injin Ɗab'i Ya Koyi Rubutun Alaramma?

Ɗauki Alƙur'ani bugun Kano, irin mai warwaron ganye da ake sakawa a gafaka a makarantun allo na Ɗantutture da Kurfi da Dutsin-Ma, ka ƙura masa ido. Za ka ga babu harafi biyu da suka zo daidai wa daida. Hannun mutum ne ya rubuta shi, amma inji ne ya buga shi dubu-dubu. An daɗe ƙwarai kafin inji ya iya wannan.

Injin da Gutenberg ya haɗa a birnin Mainz na ƙasar Jamus wajen 1450 bai san rubutu ba, ƙarfe ya sani. Kowane harafi ɗan guntun dalma ne da aka gauraya da kuza, an zuba shi a juye kamar hatimin hakimi. Mai jera haruffa zai tsaya gaban akwati mai gida-gida, yana tsinto su ɗaya bayan ɗaya har layi ya cika, layuka su zama shafi. Sai a ɗaure shafin tamau a cikin firam, a shafa tawada, a danna takarda a kai. In an gama a wanke, a mayar da kowane harafi gidansa, domin da shi za a jera shafin gobe.

Da irin wannan wahala wani limamin Kirista ɗan Italiya, Angelo Calogerà, wanda ya keɓe kansa don ibada a tsibirin San Michele na birnin Benis, ya fara fitar da mujallar kimiyya da adabi a 1728. Masana na aiko masa da rubuce-rubucensu, shi yana tacewa yana kai wa maɗaba'a, har ta kai kundi 51. Abin da ya sauƙaƙa masa shi ne haruffan Latin ba su da yawa, kuma kowane yana tsaye da ƙafarsa.

Larabci kuwa ba haka yake ba. Harafi ɗaya yana iya samun siffa huɗu, ta farkon kalma, ta tsakiya, ta ƙarshe da ta zaman kansa, kuma dole ya riƙe hannun maƙwabcinsa. Ga ɗigo, ga wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a da shadda, kowane yana neman nasa ƙarfen. A Benis ɗin dai, tsakanin 1537 da 1538, gidan Paganini suka gwada buga Alƙur'ani da haruffan dalma. Aikin ya fito cike da kurakurai, bai karɓu ba, ya ɓace har wasu suka ɗauka labari ne kawai. Sai a 1987 aka tsinci kwafi ɗaya tak, kuma abin mamaki, a ɗakin karatu na wannan tsibiri da Calogerà ya zauna.

A ƙasar Hausa ma ƙarfe ya nuna son kai. Boko ya zo masa da sauƙi, sai dai sautuka uku da Turanci ba shi da su. An daɗe ana ɗiga musu ɗigo a ƙasa ko a liƙa musu waƙafi, kafin a shekarun 1930 a tsayar da lanƙwasa: ƙ da ɗ da ɓ. Tsayar da su a takarda ba ya wadatarwa, sai an sa maƙera haruffa sun zuba su, manya da ƙanana, a kowane girman rubutu. Lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Janairun 1939, da Abubakar Imam, tsohon malamin Midil ta Katsina, a kujerar edita, boko ya riga ya samu gindin zama a maɗaba'a. Kamfanin Gaskiya ya kafu a Zariya a 1945, daga baya zamanin Yaƙi da Jahilci kowane lardi ya samu 'yar jaridarsa, ta Katsina ita ce Himma. A ganina, duk mai neman dalilin da boko ya sha gaban ajami a harkar jarida, bayan ya ambaci gwamnatin Turawa da makarantunta, ya kamata ya leƙa akwatin haruffa.

Su kuwa almajiranmu, ko da an kawo musu bugun Masar, bai kwanta musu ba. Sun tashi da ruwayar Warshu da rubutun Magariba, inda fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf ke da ɗigo ɗaya a sama.

Mafita ta fito daga wani abu da kowace mai wanke-wanke ta sani: mai da ruwa ba sa haɗuwa. Wani Bajamushe, Alois Senefelder, ya gano a 1796 cewa in ka yi rubutu da abu mai maiƙo a kan shimfiɗaɗɗen dutse, ka jiƙa dutsen, tawada mai maiƙo za ta kama rubutun kaɗai, ta guji inda ruwa ya kwanta. Babu sauran jera harafi. Injinan yau sun maye gurbin dutse da faranti na gorar ruwa. Ana ɗaukar hoton shafin a sauke shi kan farantin, a naɗe farantin a jikin ganga mai juyawa. Nadi ɗaya na shafa ruwa, wani na shafa tawada, farantin ya miƙa rubutun ga shimfiɗar roba, robar ta miƙa wa takarda. Saboda wannan zango biyu, rubutun kan faranti a miƙe yake, ba a juye ba.

Da wannan dabara ta iso Arewa, alƙalamin kara ya shiga maɗaba'a. Marubuta irin su Sharif Bala Gabari na Kano suka riƙa rattaba Alƙur'ani da hannu, ana ɗaukar hotonsa ana bugawa, fatake suna bazawa kasuwanni har Nijar da bayanta. Haka waƙoƙin ajami da ƙananan littattafan fiƙihu da ake shimfiɗawa a bakin masallaci ranar Juma'a. Wannan injin ne dai ke buga kalanda da katin ɗaurin aure da fastocin 'yan takara.

In kana son bambance tsohon bugu da sabo, juya shafin ka shafa bayansa da yatsa. Bugun dalma yakan bar ɗan tudu inda ƙarfe ya danna, na faranti kuwa sumul yake.