Masuntan Ingila Masu Mai Da Kifi Ruwa

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya taɓa zuwa wasan su na Argungu ya san in Basarke ya fito da giwan ruwa, to, kwananta ya ƙare. A Ingila kuwa ba haka abin yake ba. Can akwai masu haƙa tafki su zuba kifi, musamman irin waɗanda suke kira kaf da birim, sa'an nan masu fatsa su biya kuɗi su yi gasa.

Da safe ake jefa ƙuri'a, kowa ya zauna inda rabonsa ya faɗa, ba ya gusawa. Galibi awa 5 ake yi. Ba homa, ba gora, sai sandar fatsa mai tsawon mita 13 zuwa 16, da tsutsa ko masara a ƙugiya. Abin da mutum ya kama cikin raga yake tara shi a ruwa. Da lokaci ya cika sai a auna, wanda nasa ya fi nauyi ya ci, a sake kifin da ransa. Babbar gasarsu ta Fish O'Mania, wadda aka fara a 1994, kyautarta ta kai fam 50,000.

Dalilin sakin kuwa, kifin nan shi ne jarin mai tafki. Saboda haka, ɗan'uwa, in tafiya ta kai ka can, kada kwaɗayin miya ya ja ka. Fatsa sai da lasin, ɗaukar kifin tafki ba izni kuma sata ce a dokarsu.