Wasannin 2022 da mu mazauna waje ba za mu manta ba

Duk ƙarshen shekara jaridu kan jero manyan abubuwan da suka faru a fagen wasanni. Ni dai a nan ba zan bi jerin kowa ba. Zan ɗauko waɗanda suka shigo mana har cikin gida ne, mu Hausawan da ke warwatse daga Kumasi zuwa Jidda, daga Garwa zuwa Landan.

Shekarar ta buɗe ne da Gasar Cin Kofin Afirka a Kamaru. Ranar 6 ga Fabrairu Senegal ta doke Masar a bugun fenareti, ta ɗauki kofin karon farko a tarihinta, kuma Sadio Mane, wanda ya ɓarar da fenareti tun farkon wasan, shi ya buga na ƙarshe. Sai dai a wannan fili na Olembe ne, ranar 24 ga Janairu, aƙalla mutum 8 suka rasu a turmutsutsu a bakin ƙofa. Allah ya jiƙan su.

Wasan da ya fi taɓa mu shi ne na Najeriya da Ghana, na neman gurbin zuwa Qatar. An tashi babu ci a Kumasi ranar 25 ga Maris. Bayan kwana huɗu aka sake haɗuwa a Abuja, Thomas Partey ya ci wa Ghana, William Troost-Ekong ya farke da fenareti, aka tashi 1-1. Dokar ƙwallon waje ta ba Ghana tikiti, 'yan kallo suka fusata suka afka cikin fili. A danginmu akwai reshen Kano, akwai na zangon Kumasi, kaka ɗaya. Daren nan zaurenmu na WhatsApp ya kama da wuta. 'Yan zango suna ta tsokana, "Yaya dai, manya?" Na Kano kuwa sai da wani kawunmu ya sa baki suka sauko. A nan na gane cewa harshe ɗaya da jini ɗaya ba sa hana kowa kishin ƙasar da ta rene shi.

Wadda ta share wa Najeriya hawaye mace ce. A watan Yuli, a birnin Eugene na Amurka, Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya a tseren mita 100 na tsallake shinge da daƙiƙa 12.12, sannan ta ci zinare. Ita ce ta fara kawo wa Najeriya zinare a gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya.

Sai Qatar, inda kowace unguwa tamu ta samu ranarta. 'Yan'uwanmu na Saudiyya sun samu tasu ranar 22 ga Nuwamba, da Saudiyya ta doke Ajantina 2-1, har Sarki Salman ya ba da hutu washegari. Kuma wannan Ajantinar ta Messi ce ta ɗauki kofin ranar 18 ga Disamba. 'Yan zango sun samu tasu da Mohammed Kudus, ɗan unguwar Nima a Accra, ya zura biyu a ragar Koriya ta Kudu, Ghana ta ci 3-2. Na Kamaru kuwa sun ga Vincent Aboubakar, wanda ya taso a Coton Sport ta Garwa, ya ci Brazil a mintunan ƙarshe, ya tuɓe riga don murna, alƙalin wasa ya miƙa masa hannu suka gaisa, sannan ya ɗaga masa jan kati. Kamaru ba ta wuce rukuni ba, amma ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta doke Brazil a gasar.

Amma fa Maroko ce ta shekara. Ta doke Beljiyam, ta fitar da Sifaniya, ta kori Portugal da kan Youssef En-Nesyri, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda babu ƙasar Afirka ko ta Larabawa da ta taɓa zuwa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, 14 daga cikin 'yan wasanta 26 ba a Maroko aka haife su ba. Achraf Hakimi, wanda ya buga fenaretin da ya fitar da Sifaniya, a Madrid aka haife shi. Yana gamawa ya nufi wurin mahaifiyarsa cikin 'yan kallo ya sumbace ta. 'Ya'yan 'yan ci-rani ne kamar namu, an ba su zaɓi, suka zaɓi ƙasar iyaye.

Wannan ba ya faruwa haka kawai. Hukumar ƙwallon Maroko ta daɗe tana bibiyar yaranta a Turai, iyaye kuma sun riƙe su da zuwa gida. To mu fa? Yaranmu da ake haifa a Manchester ko New York, da yawansu ko gaisuwa da Hausa tana ba su wahala. Idan gobe ɗaya ya zama gwani aka ce ya zaɓi riga, abin da muka shuka masa tun yana ƙarami shi zai amsa.